Kwana huɗu a kan doki cikin ƙasar zinari: ta Anka ko ta Yawuri?

Kuru_Jega

Assalamu alaikum. Iyayenmu da yayyenmu masana doki, shawara muke nema. Mu huɗu ne da dawaki huɗu, duk na hawan Sallah da kilisar yamma, babu wanda ya taɓa yin zango biyu a jere. Muna so mu yi kwana huɗu ko biyar muna bin wuraren da aka haƙi zinari tun zamanin Turawa, mu ga tsofaffin ramuka da kufai. Ra'ayi ya rabu biyu: ko mu kai dawakin Anka a mota, mu zaga ta Bagega da Dareta mu ɓulla Bukkuyum, ko mu sauke su a Yelwa mu zaga ƙasar Birnin Yawuri. Wace hanya ta fi? Wane wata? Kilomita nawa doki zai ci a rana, kuma abinci da ruwa nawa za mu tanada? Sannan me ya fi ɓata irin wannan tafiya?

Ɗan Anka

Wa alaikumus salam. Ƙanena, cire Anka daga lissafi tukuna. Abin gani kam akwai shi, can ne ma tarihin ya fi kauri. Sai dai dajin da ke tsakanin Anka, Bukkuyum da Maru shi ne wanda 'yan bindiga suka daɗe suna kai-kawo a cikinsa, kuma baƙi huɗu a kan ƙosassun dawaki tallan kai ne kawai. Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a Afrilun 2019, ta ɗage hanin a Disambar 2024. Wannan ɗagewa ta masu lasisi ce, ba ta buɗe wa matafiyi daji ba.

Ba za ku yi babbar asara ba idan kun koma Yawuri, domin dutsen danginsa ɗaya. Zinarin yana cikin jijiyoyin farin dutse da ake samu a Maru da Anka, a same su a ƙasar Zuru, har zuwa Birnin Yawuri. An fara rubuta haƙar zinari a Najeriya a 1913, ta yi ƙarfi a shekarun 1930, Yaƙin Duniya na Biyu ya karya ta, kamfanoni suka watse suka bar ramukansu. Kada ku sa ran tarar da allo ko gini mai rubutu. Yawancin ramin Bature 'yan haƙar yanzu sun sake buɗe shi sun faɗaɗa, sai dattijon gari ne zai nuna muku wanne ne na da. A Birnin Yawuri kuma ga ragowar ganuwar tsohon birnin, wadda ita kaɗai ta isa yini guda.

Yawurin ma ba a shiga da ka. A Birnin Yawuri aka sace ɗaliban kwalejin Gwamnatin Tarayya a Yunin 2021, kuma lamarin tsaro yana sauyawa cikin mako ɗaya. Ga yadda ake yi: ku rubuta wa fadar Sarkin Yawuri takarda, da sunayenku da ranaku da garuruwan da za ku bi, ku nemi a haɗa ku da hakimin kowace ƙasa. Ku kai wa DPO kwafi. Kowane dagaci ya ba ku ɗan jagora daga 'yan garinsa, wanda zai miƙa ku hannun na gaba. Kwana a cikin gari, a ƙofar gidan mai gari, ban da shimfiɗa a daji komai kyawun wata. Ni ma da za ku bi tawa, ku kafa masauki ɗaya ko biyu, kullum ku fita ku dawo, maimakon miƙewa doguwar hanya zuwa Fakai ko Zuru. Kowane dare a buga wa zangon gobe waya. In mai gari ya ce kada ku zo, magana ta ƙare, ba a tambayarsa dalili.

Tsohon Zagi

Yaro, Ɗan Anka ya gama da hanya, bari in yi maka ta doki, don a nan yawancin tafiya take mutuwa.

Wata: daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu. An kawar da dawa, ba za ku shiga gonar mutum ku jawo shari'a ba, harawa tana da araha, rafuka sun ja baya, safiya da sanyi. Daga Maris zafi yakan wuce digiri 40. Da damina kuwa ramuka sun cika da ruwa, ciyawa ta rufe bakinsu.

Dokin Sallah ƙiba gare shi, ƙiba kuwa ba ta tafiya. Yana bukatar sati shida zuwa takwas na horo. Sati biyun farko, awa ɗaya ta tafiya zalla, kwana biyar a mako. Na uku da na huɗu, awa biyu, ana sa sassarfa ta minti biyar-biyar. Biyun ƙarshe, awa uku zuwa huɗu, da ainihin sirdin da kayan da za a tafi da su, kuma a yi kwana biyu a jere aƙalla sau biyu, don dokin da ya yi kyau ranar farko ba a san shi ba sai an gan shi da safiyar rana ta biyu. Ku nemi hanyar marmara da tsakuwa ku riƙa bi. Dawakinmu ba sa sa takalmin ƙarfe, kofaton da ya saba da rairayi kuma in ya hau fasasshen farin dutse, yini ɗaya zai fara ɗingishi. Yankan kofato a yi shi kwana goma zuwa sati biyu kafin tashi. Wanda ya yanke ana gobe tafiya ya fere wa dokinsa tafin da zai taka dutse da shi.

Nauyi. Dokinmu na gida yakan kai kilo 300 zuwa 350, abin da zai ɗauka yini bayan yini kuwa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyinsa, wato kilo 60 zuwa 70, har da mahayi da sirdi. Ka hau sikeli ka ga abin da ya rage. Ga mafi yawanku babu abin da ya rage. Don haka jalala da duk kayan ado su zauna gida, likkafar tagulla mai nauyi a musanya ta da mara nauyi, guzuri kuma jaki ya ɗauka. Jaki mai akumari mai kyau zai ɗauki kilo 40 zuwa 50, a raba daidai a mangala, in ba haka ba kayan su karkace su goge masa baya.

Yi lissafin da kanka. Hatsi kilo 2 zuwa 3 ga kowane doki a rana: dawaki huɗu, kwana biyar, kilo 40 zuwa 60, kayan jaki guda ke nan ko ya ɗan fi. Harawa ko busasshiyar ciyawa kilo 5 zuwa 6 kowanne a rana, jimla ta haura kilo 100, ba ta ɗaukuwa. A aika kuɗi tun da wuri a saya a ajiye a kowane zango. Ku auna da sikeli sau ɗaya a gida ku san awon kwanonku, don tiyar Jega da ta Yelwa ba lallai su zo ɗaya ba. Hatsin da ya saba ci shi za a tafi da shi. Dokin gero kada a juya shi zuwa dawa ko masara a hanya. Kada ci ɗaya ya wuce kilo ɗaya da rabi, a raba sau uku, a cuɗa da dusa a yayyafa ruwa. Kanwa kamar yadda ya saba, amma a ƙara gishiri cokali biyu na cin abinci a rana saboda gumi. Ruwa lita 30 zuwa 40 kowane doki, wato jarka biyar zuwa bakwai mai lita 25 a kullum ga su huɗun.

Yanzu sirdi, wanda shi ne uban matsala. Bayan an hau, yatsa uku su shiga tsakanin kwacciyar gaba da tudun kafaɗar doki. Zubka biyu ga kowane doki, ɗaya a bayansa ɗaya tana shan iska. Kowace safiya a bi ta da tafin hannu, a bi bayan dokin ma, don ƙwayar ƙarangiya ɗaya a ƙarƙashin zubka ta isa ta buɗe miki kafin azahar. Majayi a ja shi sau uku: a turke, bayan an ja dokin taku ashirin, sannan bayan kwata awa da hawa. In ka sauke sirdi ka ga duk bayan ya jiƙe da gumi ban da wani ɗan fili da ya bushe, to nan itacen yake danna shi, jini bai gudana ba, gobe wurin zai kumbura. A gyara shimfiɗa ta yadda wurin zai sami sarari, ko a ja dokin a hannu. Hawa kan kumburi shi ke mayar da jinyar kwana biyu ta zama ta wata biyu. In hanya tana da hawa da gangara a sa jindi da igiyar ƙirji. Linzaminmu mai zobe na tsayar da doki a gaban sarki ne, awa biyar a bakinsa zai yanka masa dasashi. A yi tafiya da ragama ko linzami mai sauƙi, a cire shi duk lokacin shan ruwa.

Tsarin yini: tashi da zarar ƙasa ta ganu bayan Asuba. Tafiyar doki kilomita 5 zuwa 6 ce a awa. Kowace awa a sauka a ja shi minti goma. Ƙarfe goma sha ɗaya a nemi inuwa, a sassauta majayi, a bar sirdin minti goma kafin a sauke. Ruwa, sai harawa, hatsi sai bayan awa guda. Bayan La'asar a ƙara awa ɗaya. Ranar farko kilomita 15, sauran 20 zuwa 25. Sukuwa babu ita a wannan tafiya, ko 'yan matan gari sun fito kallo.

In ingarmu ne, kamar yadda nake zato, turke da turke su yi tazarar taku goma, a sa dabaibayi, a kuma tambaya ko akwai goɗiya a garin kafin a zaɓi wurin ɗauri.

Kuru_Jega

Allah ya saka da alheri, Baba. Mun bar maganar Anka. Amma jarka bakwai a kullum aiki ne. Ba ga tafkuna nan a wuraren wankin zinari ba? In ruwan ya kwanta ya yi garau, ba za su iya sha ba?

Likitan Dabbobi

Malam Kuru, a'a. Ko da ya yi garau kamar na randa. Dalma da zaiba ba sa sauya wa ruwa launi, kuma wasu wuraren suna jiƙa dutse da sinadarin sayanaid, wanda ke kashe dabba cikin mintuna.

Ku tuna 2010. Dutsen zinarin Anka da Bukkuyum yana da dalma mai yawa, dangin baƙin dutsen nan mai ƙyalli da ake yin kwalli da shi. Mutane suka riƙa kawo shi gida suna daka, suna niƙa a injin hatsi, ƙura ta bi tsakar gida da abinci. Yara kimanin 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, Tungar Daji da Tungar Guru, kafin ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran hukumomi su shawo kan abin. Bagega sai 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarta. Agwagi ne suka fara mutuwa a garuruwan, ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Yawan dalma ya bambanta daga rami zuwa rami, ido kuma ba ya rarrabewa, don haka kowane wurin niƙa da wanki ku ɗauke shi mai guba.

A aikace: ruwa daga rijiyar burtsatse ko rijiyar da garin ke sha, nesa da injin niƙa. In rafi ne, a hau sama da inda ake wanki. Ku tafi da bokitinku. Kada a zuba hatsi ko harawa a ƙasa, a sa a daro ko kan tamfol, don doki yana haɗiye ƙasa tare da abinci. Harawar da aka shanya kusa da injin dutse kada a saya. Kada a ɗaure doki ta inda iska ke kai ƙurar injin. A doki, gubar dalma takan bayyana bayan makonni: rama, kasala, wani gurnani a maƙogwaro in yana numfashi da ƙarfi saboda jijiyar ta mutu, abinci yana dawowa ta hanci. Ku ma kanku, tufafi da takalman da kuka shiga wurin haƙa da su a wanke su a can, a wanke kofato da zubka, kada su shiga gidan da ke da yara 'yan ƙasa da shekara biyar ko mace mai ciki.

Ku koyi auna doki tun a gida. Bugun zuciya a hutu 28 zuwa 44 a minti, ana ji a ƙarƙashin muƙamuƙi. Numfashi 8 zuwa 16. Zafin jiki digiri 37.5 zuwa 38.5. In an tsaya kwata awa bugun bai sauko ƙasa da 60 ba, tafiyar ranar ta ƙare. Ka tsunkuli fatar wuya ka saki. In ta wuce daƙiƙa biyu ba ta kwanta ba, ƙishirwa ta shige shi. Dasashin lafiyayyen doki ja-ja ne mai danshi.

Ciwon ciki shi ne mai kisa a hanya, kuma yawanci ƙarancin ruwa ne tare da busasshen abinci, ko hatsi mai yawa a kan gajiya. Alamarsa tonon ƙasa, waiwayen ciki, kwanciya da birgima, rashin kashi. A ɗauke abinci, a riƙa jansa a hankali, a kira likita. Ɗurar mai ko ruwan kanwa ta hanci da wasu ke yi tana tafiya huhu ne, ta kashe dokin da ciwon cikin bai kashe ba. Ku karɓi lambar likitan dabbobi na Yelwa kafin ku tashi.

Rigakafin tetanus allura biyu ce, tsakaninsu sati huɗu zuwa shida, don haka a fara ta tare da horo. Wurin haƙa cike yake da tsatsar ƙarfe da waya. Maganin tsutsa irin ivermectin sati biyu kafin tashi. Abu uku da masu shanu da kaji za su ba ku da kyakkyawar niyya, ku ƙi karɓa: maganin kaska mai amitraz, yana tsayar da hanjin doki, abincin kaji na kamfani, wani yana ɗauke da maganin da ke lalata zuciyar doki, da allurar sammore ta shanu irin Berenil, wadda tazarar magani da guba a jikin doki ƙanƙanuwa ce, sai likita ya auna. Kurmin bakin ruwa akwai ƙudaje masu cizo da ke yaɗa sammore, a shayar a fita, kada a yada zango a ciki. In doki ya fara zazzaɓi da rama sati biyu ko uku bayan dawowa, a gwada jininsa.

Kiwo: gyauron dawa da ya tsiro bayan girbi yana da guba, haka ganyen samberu da 'ya'yan zurma. Jakar magani: aidin, auduga, bandeji, almakashi, ma'aunin zafi, ƙarfen sakace kofato, man kaɗe. Ku kuma ku sa takalmi mai rufe idon sawu, don kububuwa tana son tarin duwatsu. In ta sari mutum, ban da tsaga, ban da ɗaure da igiya, a ɗora shi a babur zuwa asibiti.

Mai Loto

Ranka ya daɗe Tsohon Zagi, da girmamawa, akwai wuri ɗaya da ban bi ka ba: ƙarin awa bayan La'asar. A fili haka ne. A ƙasar ramuka kuwa, rana in ta karkata inuwar ciyawa da bakin rami kamarsu ɗaya, ga hazon hunturu. La'asar ta same su a cikin gari.

Kuru, ka gane yadda rami yake. Bakinsa bai fi mita ɗaya ba, zurfinsa kuwa mita goma, ashirin, wani ya fi. Daga ƙasa ake bin jijiyar dutsen a kwance, don haka inda kake gani fili lafiyayye, mita da yawa daga baki, ƙarƙashinsa kogo ne. Mutum zai wuce, doki da mahayi mai kusan kilo 400 a kan kofato huɗu ya burma. Alamomi: tulin farin dutse ko jar ƙasa, tsagewa, wurin da ya ɗan lotsa, ko kumburin ciyawa kore shar a tsakiyar rani. Inda aka ƙone daji ramuka sun fi ganuwa, amma kututturen ciyawar da ya ƙone yana soke tafin kofato, a duba ƙafa huɗu bayan an wuce.

Tafiya a layi ɗaya, ɗan jagora a gaba a ƙasa da sanda, tazarar doki uku tsakaninku, kuma a kan sawun babura kawai. Saura kamar mita 200 ku isa wurin haƙa sai ku sauka, mutum ɗaya ya tsaya da dawaki, sauran su ƙarasa da ƙafa. Ƙarar injin niƙa da janareta tana firgita dokin da bai saba ba, balle nakiya. Ku tambaya ko za a fasa dutse a ranar. Tsohon rami ba a shigarsa ko don hoto: iskar ciki tana sumar da mutum kafin ya ankara, katakon tokara ya ruɓe.

In tarihi kuke nema, ku fi mai da hankali ga rafuka. Yawancin zinarin zamanin Turawa wankin yashi ne da tsakuwa, lebura yana juya ƙwarya a bakin ruwa. Abin da ya rage shi ne jerin tulin tsakuwa a gefen rafi, itatuwa sun tsiro a kai. Aikin yanzu kuwa za ku gan shi daki-daki: a fasa dutse da guduma, a niƙa, a wanke garin a kan karkataccen katako mai shimfiɗar kafet, a juye a kwano, a zuba zaiba ta kama zinarin, a matse a ƙyalle, a ƙone. Lokacin ƙonawar nan ku matsa ta inda iska ke fitowa, hayaƙin zaiba ne.

Kowane wurin haƙa yana da shugabansa, shi ake fara gaisarwa, ɗan jagora ya faɗi ko ku su wane ne. Ban da ɗaga waya sai an ba da izini. Ba a tambayar mutum giram nawa ya samu ko wa yake sayar wa. Kada ku ɗauki na'urar neman zinari, kada ku sayi ko ƙwaya ɗaya don tsaraba: dokar ma'adinai ta 2007 ta sa ma'adinai a hannun Gwamnatin Tarayya, saye da riƙewa sai da lasisi, kuma tun 2024 akwai rundunar Sibil Difens ta musamman da ke kamen haƙa ba bisa ƙa'ida ba. Takardar fada da ta DPO su kasance a aljihu, ba a cikin mangalar jaki ba.

Tsohon Zagi

Na karɓa, Mai Loto ya fi ni sanin ƙasarsa. To a cire tafiyar yamma, a tsaya a kilomita 20. Jakuna su riga ku tashi da awa ɗaya tare da yaron gari, don ba su kai doki sauri ba.

Saura mota, da na manta. A zuba yashi ko ƙaiƙayin shinkafa a dandamalin motar don kada su zame, a tsayar da su a karkace, kowanne da ragama da gajeriyar igiya, da itace a tsakaninsu. Ban da hatsi da safiyar lodi, harawa da ruwa kawai. Direba ya bi a hankali a kwana da ramuka. In an sauke su a Yelwa su kwana ɗaya cur suna hutawa, su ɗanɗani ruwan garin; wanda ya ƙi sha, a zuba masa ɗan dusa a bokitin har ya saba.